Daga Lemar Kiran Waya zuwa Turakun 4G a Katsina

Kafin 2001, Bakatsinen da ke son buga waya sai ya bi layi a ofishin NITEL, ko ya nemi alfarma a gidan mai hali. Duk faɗin Najeriya layukan tarho ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun shekarar hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta daga manyan birane, daga baya sabis ya iso Katsina.

Nan take sabuwar sana'a ta ɓullo. Matasa suka kakkafa lema da ɗan teburi a bakin titi, a biya a yi kira. Kamfanoni kuwa kuɗin minti guda suke cira ko da sallama kawai mutum ya yi, har Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Waya ta yi arha, masu lema suka koma sayar da kati da caji.

Zuwan data ne ya tono wata tsohuwar matsala. Injiniyoyi sun tsara sadarwar kwamfuta hawa-hawa, bakwai a tsarin ISO na 1984, kowane hawa ba ruwansa da yadda na kusa da shi ke aiki. A kan igiya hakan ya yi daidai. A iska kuwa sigina na raunana bayan katanga mai kauri, turken sadarwa kuma ya cika maƙil ranar Hawan Sallah a Ƙofar Soro. Ƙa'idar TCP mai kula da isar da saƙonni a intanet, da zarar ɗan saƙo ya ɓata, sai ta ɗauka cunkoso ne ta rage gudu, alhali wani lokacin siginar ce ta ɗan gushe.

Maganin shi ne a bar hawa-hawan su riƙa ba juna labari, kuma dabara ce da ta cancanci yabo. A 4G waya na shaida wa turke ƙarfin siginarta a kai a kai, shi kuma ya sake rabon hanya sau dubu a daƙiƙa, yana duba wanda siginarsa ta yi kyau da wanda saƙonsa ba ya jira, kamar murya.

Sai dai ba matsalar fasaha kaɗai ke hana sadarwa ba: a Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Birnin Katsina bai shiga ciki ba, don haka mutanen Batsari da Jibiya suka riƙa yin tattaki zuwa cikinsa don kira da tura kuɗi, har aka fara maido da sabis a watan Disamba.