Masu Sauraron Taurari a Nsukka

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare a ƙasar nan, da wuya a ce littafin fiziks na Okeke da Anyakoha bai ratsa hannunsa ba. Ni ma a nan Ogui na riƙe nawa har bangonsa ya cire. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, Farfesa Pius Okeke yana nan kusa da mu a Nsukka, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya, kuma ainihin sana'arsa binciken taurari ce.

Shi ma wani ya share masa hanya. Samuel Okoye, mutumin Amawbia da aka haifa a 1939, ya je Jami'ar Kambirij a Ingila ya yi digirin digirgir a hannun Antony Hewish. Su ba tabarau suke ɗagawa sama ba, sautin rediyon da ke zubowa daga samaniya suke tarewa. A 1965 suka bayyana cewa akwai wani ɗan ƙanƙanin abu mai ƙarfin tsiya a cikin Gajimaren Ƙaguwa, ragowar tauraron da ya tarwatse, wanda masanan Sin suka rubuta ganinsa a 1054. Sai bayan shekara uku aka gane zuciyar tauraron ce, tana juyawa kamar sau talatin a daƙiƙa guda. Hewish ya karɓi kyautar Nobel a 1974. Ɗalibinsa kuwa tuni ya dawo gida.

Gidan da ya dawo ya sha wuya. Yaƙin basasa ya ɗaiɗaita jami'ar Nsukka daga 1967 zuwa 1970, kuma dattawan Ogui ba sa bukatar a ba su labarin shekarun nan. Amma shekara biyu kacal da ajiye makamai, a 1972, Okoye ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya a jami'ar. Wannan ƙarfin halin nasa ne ya fi burge ni: ana fama da gyaran rufin azuzuwa, shi yana maganar taurari. A hannunsa Okeke ya yi nasa digirin, daga nan ɗalibi ya haifi ɗalibi.

An kafa farantin tarar sautin rediyon taurari mai faɗin mita 10 a Nsukka, amma bai daɗe yana aiki ba. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, naira ta faɗi, ba wata jami'a da ta tsira. Ƙarfe ya yi tsatsa, karatu dai bai tsaya ba.

Haske ya dawo da kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, a 1999. A 2001 aka buɗe Cibiyar Kimiyyar Sararin Samaniya ta Tushe, wato CBSS, a Nsukka, Okeke ne shugabanta na farko. Shekarun da suka biyo baya su ne na alfahari. Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a 2003. Da masana taurari na Afirka suka kafa ƙungiyarsu a 2011, Okeke suka ɗora a gaba. Maiɗakinsa, Farfesa Francisca Okeke, ta karɓi kyautar L'Oréal da UNESCO a 2013. A 2015 matasa daga ƙasashen Afirka ta Yamma suka taru a Nsukka koyon ilimin taurari. Okoye bai ga ƙarshen wannan ba, ya rasu a 2009.

Ɗaya daga cikin manyan tambayoyin da ake bi a fagen binciken taurari ita ce, yaushe aka haifi taurari? Ana haifarsu ne a cikin ƙura, kuma duk wanda ya ga rana a hazon hunturu ya san aikin ƙura. Tana shanye kusan rabin hasken taurari, ta ɗumama, ta mayar da shi hasken zafi da ido ba ya gani, wanda ake kira infared. Da na'urori irin su IRAS na 1983 da Herschel na 2009 suka auna shi, sai aka tabbatar cewa kakar haihuwar taurari ta wuce tun shekara biliyan goma da suka shuɗe. A lokacin, tarin taurarin da ake ce wa galaksi suna haihuwa ninki goma na yau. Mu a kala muka zo.

Ga inda Nsukka ta shigo. Galaksin da ke yawan haihuwa, gwargwadon hasken zafin ƙurarsa gwargwadon ƙarar rediyonsa, domin manyan taurarin da ke ɗumama ƙurar su ne ke fashewa su tayar da sautin. Shi kuwa sautin rediyo ƙura ba ta tare shi, kuma daga ƙasa ake kama shi, ba sai an harba na'ura ba. Sana'ar Okoye ke nan.

Wasu ƙasashen sun riga sun shiga wannan sana'a: Gana ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai mita 32 na Kuntunse na'urar bincike a 2017. Ƙasashen Afirka takwas ne ke haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a babban aikin na'urar rediyon taurari na SKA, babu Najeriya a ciki. An daɗe ana maganar farantin mita 25 a Nsukka, kuma masu iya sarrafa shi suna nan, su ake jira a ba kayan aiki. Ina so in ga yaran Kano da Zariya, da namu na Ogui, a cikinsu. Motar Nsukka daga tashar Holy Ghost take tashi.