Tablet ko na'urar karatu: wacce ta dace da dattijo?

Na'urar karatu, irin su Kindle da Kobo, littafi kawai ta sani. Fuskarta kamar takarda take, ana karatu da ita ko cikin rana, cajinta kuma yakan kai makonni, abin so inda wuta ke yawan ɗaukewa. Sai dai ba a WhatsApp da ita.

Dattijon da ya fi son sauraren tafsiri da muryar jikoki, tablet ta fi dacewa da shi: mai inci 10, mai ɗaukar layin waya, mai lasifika da ƙarfi. Kafin a miƙa masa, a ƙara girman rubutu, a kuma duba ruwayar Alƙur'anin da aka saka. Manhajoji da yawa da Hafs suke buɗewa, alhali galibin dattawan Maradi da Damagaram Warsh suka karanta a makarantar allo.