Haraji da Baitulmali a Tarihin Kano

Muhawarar da masana tattalin arziki na Turai da Amurka suka daɗe suna yi, a kan ko ya fi dacewa hukuma ta sassauta wa jama'a haraji domin kasuwa ta motsa, ko kuwa ta karɓa ta kashe a kan ayyuka domin mutane su sami abin yi, ba baƙuwar mas'ala ba ce ga wanda ya san tarihin Kano, domin kuwa tun kafin Bature ya tako ƙasar nan sarakuna da malamai da fatake suke ja-in-ja a kanta.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Naguji da cewa shi ya fara karɓar kuɗin ƙasa daga manoma, Kutumbi kuma, a ƙarni na 17, shi ya fara ɗora wa Fulani jangali. Amma ƙissar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Zamaninsa zamanin yaƙi ne da Gobirawa, yaƙi kuwa ba ya yiwuwa sai da dawaki da makamai, saboda haka sai ya aza wa Kasuwar Kurmi haraji mai nauyi har ta kusa mutuwa, sa'an nan ya juya kan mutanen gari, bai bar ko malamai ba. Abin da ya biyo baya shi ne Larabawa 'yan kasuwa suka tattara nasu ya nasu suka koma Katsina, talakawa kuma suka watse ƙauyuka. Ya nemi ya cika taska, sai ya kori masu cika ta. Shehun malami Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga ya bayyana wannan illa a cikin Muƙaddimarsa, inda ya nuna cewa daula a farkonta takan aza kaɗan ta tara mai yawa, a ƙarshenta kuwa takan aza mai yawa ta tara kaɗan. Da wannan magana tasa ce Shugaban Amurka Ronald Reagan ya kafa hujja a 1981, shekarar da aka rage harajin manyan masu samu daga kashi 70 cikin ɗari zuwa 50. Sai dai malamin ya haɗa maganarsa da gargaɗi a kan almubazzarancin masu mulki, Reagan kuwa ya sauka ya bar bashin ƙasarsa ya ninka kusan sau uku.

Da masu jihadi suka tashi a 1804, haraji yana cikin manyan ƙorafe-ƙorafensu. Kitabul Farƙi, wanda ake jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya lissafa jangali da kuɗin gari a cikin zaluncin sarakunan Haɓe, ya kuma iyakance abin da ya halatta ya shiga baitulmali ga irin su humusi da jizya da harajin ƙasa da dukiyar da ba ta da magaji. Wannan shi ne hukuncin littafi. Amma mulki yana da cefanensa, shi ya sa matafiyin nan Bajamushe, Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana karɓar wuri 2,500 daga kowane maigida da sunan kuɗin ƙasa, kowace rijiyar rini a karofi kuma wuri 700.

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, ba su kuwa rushe wannan tsari ba, sai suka gyara shi ya yi musu aiki: suka dunƙule ƙananan kuɗaɗe wuri guda, suka tura malaman taki su auna gonaki, suka ce a biya da sulalla maimakon wuri da hatsi. Dagaci ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni, a raba tsakanin Gwamnati da En'e, wato hukumar sarki. Daga nan ne aka kafa baitulmalin En'e, wanda aka fara gwadawa a Katsina, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji, manomi ya rage gonar gero da dawa domin ya sami abin da zai fanshi kansa daga dogarai. Adalci ne a faɗi cewa wannan baitulmali ya yi abin a gani, domin da kuɗin En'e aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kuma kawo lantarki birni a 1931.

Jarrabawa ta zo ne da karyewar kasuwannin duniya a 1929. Farashin gyaɗa ya faɗi ƙasa warwas, alhali kuwa rasit ɗin haraji bai san da wannan ba, har ya zama mutum yana sayar da gyaɗar da ta fi ta da yawa kafin ya haɗa sulallan da ake binsa, in bai haɗa ba ya sayar da akuya, ko ya tafi cin rani. Aƙidar Turawan mulki a lokacin ita ce kowace ƙasa ta ɗauki nauyin kanta, kada kashewa ta wuce samu. Saboda haka suka tsuke ayyuka, suka rage ma'aikata, rarar baitulmali kuwa tana ajiye a Ingila tana jiran ranar wahala, kamar ba ita ce ta riga ta zo ba. A daidai wannan lokaci Shugaba Roosevelt yana ɗaukar marasa aiki a Amurka suna gina hanyoyi da madatsun ruwa da kuɗin hukuma, masanin tattalin arziki Keynes kuma ya fitar da littafinsa a 1936, yana mai cewa idan jama'a suka kasa saye wajibi ne hukuma ta kashe, ko da rance ne. Wannan fatawa ba ta iso ga manomin Kano ba sai bayan ya sha wuyar ya gama.

Ɗacin nan ne jam'iyyar NEPU ta gada tun kafuwarta a 1950, Malam Aminu Kano da almajiransa suka mai da haraji da jangali alamar danniyar En'e, har ranar da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamna a 1979 ya soke su duka biyu, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Jihar Kaduna. Masu goyon baya suka ce an cire wa talaka ƙaya. Masu suka kuwa suka ce an raba dagaci da sanin mutanen ƙasarsa, an kuma bar ƙananan hukumomi hannu rabbana.

A ganina Rimi ya yi daidai, domin harajin da ake aza wa kan mutum ba tare da duba abin da ya noma ba zalunci ne ko da wane suna aka kira shi. Amma abin da ya sauƙaƙa masa sokewar shi ne kuɗin man fetur, wanda ya riga ya mai da haraji ɗan ƙaramin abu a cikin kasafi. Kuma tun daga lokacin da hukuma ta daina dogara ga aljihun talaka, sai ta rage jin nauyin yi masa bayanin inda dukiya ta shiga. Har yau mafi yawan abin da Jihar Kano da ƙananan hukumominta 44 suke kashewa daga asusun tarayya yake zuwa kowane wata.