Faifai Ɗaya Tak: Labarin Amanaz na Zambiya

Yau za mu yi tafiya mai ɗan nisa, zuwa kudancin Afirka, ƙasar Zambiya, mu koma shekarar 1975. Abin da zai kai mu can faifai ne guda ɗaya na kiɗan rok, sunansa Africa, na wasu samari biyar da ake kira Amanaz.

Na san wani zai ce, rok kuma? Ai wannan kiɗan Turawa ne masu dogon gashi da ihu. Ni ma haka na ɗauka da. Ranar da na fara jin wannan faifan, a YouTube na ci karo da shi cikin dare, na saka abin sauraro a kunne da niyyar in ji minti biyu in wuce. Sai ga ni na kai ƙarshensa, na kuma maido shi farko. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke damuna: ta yaya aiki mai kyau irin wannan ya shafe sama da shekara 30 kusan babu mai ambatonsa a wajen Zambiya? Amsar tana cikin tarihin ƙasar, don haka daga nan za mu fara.

Zambiya ta sami 'yancin kai daga Birtaniya ranar 24 ga Oktoba, 1964, Kenneth Kaunda ya zama shugaban ƙasa. Arzikinta kusan duka a kan abu ɗaya ya tsaya, wato tagulla. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da take samu daga kayan da take fitarwa waje, daga tagulla yake zuwa. A arewacin ƙasar akwai yankin da ake kira Copperbelt, inda mahaƙun suke, da garuruwa irin su Kitwe, Ndola da Chingola. Mutane daga kowane lungu sun yi ta kwarara can neman aiki. Ma'aikaci na karɓar albashi a ƙarshen wata, akwai kulob-kulob na kamfanonin haƙa, akwai otal-otal da gidajen rawa, kuma duk suna buƙatar makaɗa.

To, me samarin garuruwan nan ke ji a lokacin? Faya-fayan Ingila da Amurka: Beatles, Rolling Stones, Jimi Hendrix, James Brown, daga baya Black Sabbath da Deep Purple. Da farko kwaikwayo suke yi, su hau dandamali su maimaita waƙoƙin Turawa. A hankali suka fara rubuta nasu, suna cusa salon gangunan gida da harsunansu a ciki. Abin da ya fito daga wannan haɗin shi ake kira Zamrock. Manyan sunayensa su ne Rikki Ililonga da ƙungiyar Musi-O-Tunya, da Paul Ngozi da Ngozi Family, sai kuma WITCH, waɗanda suka fi kowa tashe. A daidai shekarun nan, a Legas ma akwai irinsu, su Ofege da BLO, to amma a Zambiya abin ya zama kiɗan samarin ƙasa baki ɗaya.

Gwamnati ma ta taimaka. Kaunda da kansa yana kaɗa jita, kuma a tsakiyar shekarun 1970 ya ba da umarni cewa kashi 95 cikin 100 na kiɗan da rediyo ke sakawa ya zama na 'yan Zambiya. Ku duba abin da wannan ke nufi ga saurayi mai jita: gidan rediyo na neman abin da zai cike lokaci da shi, kamfanonin faifai na neman wanda za su ɗauka. Ɗaya daga cikin kamfanonin shi ne Zambia Music Parlour na Edward Khuzwayo a Ndola, kuma shi ne ya fitar da faifan da muke magana a kai.

Amanaz sun haɗu a Kitwe a 1973. Keith Kabwe ne mawaƙin gaba, Isaac Mpofu da John Kanyepa na kan jita suna kuma waƙa, Jerry Mausala na kan jitar bes, Watson Lungu na kan ganguna. Sunan nasu taƙaitawa ce ta wata jimlar Turanci, ma'anarta kusan "tambaye ni labarin gwanayen mawaƙan Zambiya". Kun ji ƙuruciya da cika baki. A dandamali ma ba su da sanyi, har yau ana tuna Keith Kabwe da fitowa daga cikin akwatin gawa, sanye da kaya masu zanen ƙwarangwal, don ya girgiza 'yan kallo.

Amma wanda ya ji wannan labarin ya saka faifan yana jiran hauka, zai sha mamaki. Sun ɗauke shi a situdiyon Malachite da ke yankin tagulla cikin 'yan kwanaki kaɗan, waƙoƙi 12, tara da sunayen Turanci, uku da harshen Bemba. Abin da ya fi yawa a cikinsa natsuwa ce, irin ta mutumin da ya dawo daga aiki ya zauna a ƙofar gida da yamma.

Bari in ɗan bi da ku ta ciki. Faifan yana buɗewa da kiɗa zalla mai sunan ƙungiyar. A nan za ku fara haɗuwa da sautin da ya zama tambarin Zamrock: jitar lantarki da aka bi da ita ta wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa, sai muryarta ta dishe, ta riƙa ƙugi kamar taron ƙudan zuma a cikin tulu. A waƙar History of Man wannan ƙugin ya kai maƙura, nauyinsa har a ƙirji ake ji, a nan ne za ka gane sun saurari Black Sabbath da kyau. Sai kuma Sunday Morning, wadda ke tafiya a hankali kamar mai jin barci, muryar mawaƙin na jan ƙafa a bayan kiɗan. Masu sharhi a Turai sukan kwatanta irin wannan da Velvet Underground ta Amurka, kuma akwai kama, to amma ni abin da nake ji a ciki gajiyar garin ma'aikata ce.

Waƙar da ta fi shahara ita ce Khala My Friend. Jita mai taushi, ganga a hankali, da murya tana roƙon wani aboki da ya yi nisa ya dawo. Babu wata gwaninta ta nuna isa a cikinta. Duk wanda yake da aboki da ya bi wata hanya, kana kallo ba ka da yadda za ka yi, zai gane ta ko da bai iya Turanci ba. Ni dai ba na iya jin ta sau ɗaya in tsaya.

Waƙoƙin Bemba ukun, Nsunka Lwendo, Africa da Kale, su ne a ganina zuciyar faifan. A cikinsu jitar ta daina bin sawun Landan, ta koma bin tafiyar gangunan gida, ana maimaita zagaye ɗaya har ya shiga jiki. Kale ce ta rufe faifan, cikin wani sanyi mai kama da bankwana. Da waƙoƙin Turanci kaɗai suka yi, da sai a ce gwanayen kwaikwayo ne. Waɗannan ukun ne suka nuna cewa sun karɓi kayan kiɗan baƙi sun faɗi maganarsu da su.

Wani abin sha'awa kuma, faifan ya fito a siga biyu. Ɗaya sautinta a bushe yake, ganguna a gaba, kamar kana zaune da su a ɗaki. Ɗayar kuma an cika ta da amsa-kuwwa, komai na zuwa kamar daga ƙarshen wani dogon zaure. Masoya na ta musu a kan wadda ta fi. Ni ina tare da mai amsa-kuwwar, musamman da dare, amma ga wanda zai fara, busasshiyar ta fi saurin kama kunne.

To, yanzu mu dawo kan tambayarmu. Me ya binne shi?

Abu na farko, kuɗi. Faifan ya fito a shekarar da ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo daga 1973, sannan farashin tagulla, wanda ya kai ƙololuwa a farkon 1974, ya faɗi da kusan rabi zuwa 1975. Zambiya ba ta da teku, kuma tun Janairun 1973 iyakarta da Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, take rufe, ga shi ta nan ne babbar hanyar fitar da kayanta ta bi. Ƙasa ta shiga cin bashi, kaya suka yi tsada. Ma'aikacin da ke sayen faifai ya koma lissafin garin masara. Kayan kiɗa daga waje ake shigo da su, robar da ake buga faifai da ita ma daga man fetur ake samunta. Amanaz ba su kai ga faifai na biyu ba, a 1976 suka watse.

Abu na biyu, yaƙi. Kaunda ya ba wa 'yan gwagwarmayar ƙwatar 'yancin maƙwabta mafaka, ciki har da mayaƙan Joshua Nkomo. Sojojin Rodeshiya suka riƙa kai hari cikin Zambiya, kamar wanda suka kai sansanin Chikumbi kusa da Lusaka a Oktoban 1978. Aka saka dokar hana fita da kashe fitilu da dare. Makaɗin da abincinsa ke fitowa daga wasan dare, ina zai sa kansa? Ƙungiyoyi da dama suka koma wasan rana, wasu suka ajiye jita gaba ɗaya. Kafin a farfaɗo, disko ya shigo, kaset na satar fasaha ya cika kasuwa, sannan a shekarun 1980 kiɗan kalindula ya karɓe fage.

Abu na uku shi ne mafi ciwo: cutar ƙanjamau. Ta yi wa Zambiya mummunar ɓarna daga shekarun 1980, kuma ta ɗauke makaɗan wannan zamani da yawa. Har gidan shugaban ƙasa ta shiga. A 1987 Kaunda ya fito ya faɗa wa duniya cewa ita ce ta kashe ɗansa a 1986, a lokacin da shugabanni da dama ba sa ko son ambaton sunanta. Ku yi tunani: kiɗa yana rayuwa ne a bakin waɗanda suka yi shi da waɗanda suka yi rawarsa. Idan aka rasa su cikin shekaru kaɗan, wa zai ba da labari? A cikin 'yan asalin ƙungiyar WITCH, mawaƙinsu Jagari Chanda kaɗai ya rage, shi ma ya koma haƙar duwatsu masu daraja don ya ci abinci. Kaset-kaset na asali da yawa na zamanin sun ɓace, abin da ya saura tsofaffin faya-fayai ne da suka sha ƙura.

Daga waje aka zo aka tono. Kamfanin Shadoks na Jamus ya sake buga Africa a 2008, sannan a 2015 kamfanin Now-Again na Los Angeles, na Eothen Alapatt wanda aka fi sani da Egon, ya fitar da shi da sigoginsa biyu a haɗe. A lokacin, mutum biyu ne suka rage cikin biyar ɗin: Keith Kabwe, wanda ya zama fasto, da Isaac Mpofu, wanda ya koma noma. Sauran ukun ba su ga ranar ba.

Wataƙila ma kun taɓa jin Amanaz ba ku sani ba. A kundin Utopia na Travis Scott da ya fito a 2023, waƙar Sirens ta yanko wani ɓangare daga Nsunka Lwendo. A 2024 kuma Tyler, the Creator ya gina waƙarsa Noid a kan wata tsohuwar waƙar Ngozi Family. WITCH ma sun dawo fage, an yi fim a kansu a 2019, sun fitar da sabon kundi mai suna Zango a 2023. Miliyoyin matasa na kaɗa kai da sautin da aka ƙirƙira a garuruwan mahaƙa, mafi yawansu ba su san daga ina ya fito ba.

Wannan ne ke ɗan ci mini rai. Ina murna da an tono faifan, kuma waɗanda suka yi aikin sun cancanci yabo. Amma idan aka jera manyan faya-fayan rok na shekarun 1970, har yanzu da wuya ka ga Africa a ciki, sai dai a ajiye shi gefe a matsayin abin mamaki daga wata ƙasa mai nisa. Ni kuwa na saurare shi kusa da faya-fayan da ake yabo na shekarar, ban ga inda ya gaza ba. Abin da waɗancan suka fi shi da shi, kamfani ne mai rai, da ma'ajiya mai kyau, da 'yan jarida da suka yi ta rubutu a kansu shekara da shekaru. Amanaz ba su sami ko ɗaya ba.

Don haka ga aikin gida. Ku nemi faifan, yana nan a manhajojin sauraron kiɗa. Kada ku tsallaka, ku bi shi daga waƙar farko har Kale, zai ɗauke ku ƙasa da awa ɗaya. In kuma akwai wata tsohuwar jaka ko kwali na kaset da faya-fayai a ɗakin baba ko kawu, kada ku bari a zubar. Ku buɗe, ku tambayi mai su su waye a ciki tun yana nan, ku rubuta sunayen.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.