Gasar Firimiyar Najeriya ta 2023

Gasar Firimiyar Najeriya ta 2023 gajeriyar kaka ce da aka fara a watan Janairu aka kammala a watan Yuni. Kwamitin riƙon ƙwarya ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye ne ya gudanar da ita, bayan an rushe kamfanin LMC da ke kula da gasar. An taƙaita ta ne don kalandar ƙwallon ƙasar ta daidaita da ta gasannin hukumar ƙwallon Afirka (CAF) da na Turai.

An raba ƙungiyoyi 20 zuwa rukuni biyu, goma-goma, kowace ta buga wasa 18 maimakon 38. Uku na saman kowane rukuni suka haɗu a Legas a zagayen fitar da gwani, wato Super Six, inda kowace ta kara da sauran sau ɗaya a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan. Enyimba ta Aba, wadda Finidi George ke horarwa a lokacin, ta ɗauki kofin karo na tara. Makinta ɗaya da Remo Stars, bambancin ƙwallaye ne ya raba gardama. Rivers United ta zo ta uku.

Ƙungiyoyin Arewa kuwa sun ji jiki. Biyun ƙarshe na kowane rukuni ne suka faɗa gasar NNL da ke ƙasa da Firimiya, kuma cikinsu akwai El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Wikki Tourists ta Bauchi da Nasarawa United. Ta huɗun ita ce Dakkada ta Uyo. Dama Kano Pillars da Katsina United sun riga su faɗawa tun 2022.

A kakar 2023/24 aka koma tsarin teburi ɗaya.