Waɗanda Suka Garzaya da Su Asibiti

Duk mai sauraron labarai ya san jimlar nan: "an garzaya da waɗanda suka jikkata asibiti." Ni kaina na karanta ta a gidan rediyo ba adadi. Mukan faɗi sunan hanyar da aka yi hatsarin, mu faɗi yawan mamata, sai mu rufe da wannan "an" ɗin mu wuce labari na gaba. Alhali a cikin "an" akwai mutum biyu ko uku da suka durƙusa kan kwalta, suka riƙe hannun wani yana kiran sunan uwarsa, daga baya suka wanke jinin da ke cikin mota suka zauna jiran wani kiran. Domin mu leƙa zuciyar irin waɗannan mutane, bari in kai ku birnin Pittsburgh na Amurka, ɗaya daga cikin wuraren da aka raini wannan sana'a.

Har zuwa shekarun 1960, motar ɗaukar marasa lafiya a Amurka abin sufuri ce kawai. Wani rahoto da masana kimiyya na ƙasar suka fitar a 1966 ya nuna cewa kusan rabin aikin yana hannun masu sana'ar shirya jana'iza, domin su ke da mota mai tsawon da mutum zai kwanta. A Pittsburgh kuwa ƴan sanda ne ke kwasar mara lafiya, kuma sau da yawa shi kaɗai ake bari a bayan mota. A unguwar Hill, inda baƙar fata suka fi yawa, jama'a na tsoron kiran ƴan sandan, in ma an kira ba lalle su zo da wuri ba.

A wannan shekara ta 1966 wani likitan birnin, Peter Safar, ya gamu da rashin da ya sauya rayuwarsa. Safar haifaffen Vienna ne, kuma yana cikin waɗanda suka koya wa duniya hura wa mutum numfashi baki da baki. Yana wajen taro a Chicago cutar asma ta taso wa ƴarsa Elizabeth. An samu zuciyarta ta sake bugawa a asibiti, amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta daɗe ba iska, ta rasu. Ka duba wannan al'amari: mutumin da ya koyar da dabarar ceton numfashi, ƴar cikinsa ta tafi saboda dabarar ba ta iso gare ta a kan lokaci ba. Wannan ciwo ya ƙara masa yaƙinin cewa dole magani ya fita titi ya tarar da mara lafiya.

A 1967 Phil Hallen, shugaban wata gidauniyar lafiya wanda shi ma ya taɓa tuƙa motar asibiti, ya haɗa Safar da ƙungiyar baƙar fata ta Freedom House. Aka ɗebo samari daga unguwar Hill, da yawansu ba su da aikin yi, wasu sun dawo daga yaƙin Vietnam, wasu sun taɓa shiga hannun hukuma. Safar ya ba su horo na makonni 32, ya shiga da su ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa. A 1968 suka fara fita da motoci biyu, kuma a shekarar farko sun amsa kira sama da 5,000.

Ku tuna, a unguwarsu suke aiki. Wanda aka soka wa wuƙa, da tsohuwar da zuciyarta ta tsaya, da saurayin da ƙwaya ta kayar, duk mutanen da suka tashi tare ne. Likitan asibiti yana ganin mara lafiya a kan gado, su kuwa suna ganinsa a tsakar ɗakinsa, ƴaƴansa na tsaye suna kallo. Abin da ya riƙe su shi ne mutuncin da aikin ya ba su. John Moon, wanda ya tashi a gidan marayu, yana aikin tura marasa lafiya a wani asibiti lokacin da ya ga baƙar fata biyu cikin farin kaya sun shigo suna ba da umarni ana bi. Ganin haka ya sa ya nemi aikin. A 1975 ya zura wa mara lafiya bututun numfashi a maƙogwaro tun kafin a isa asibiti, abin da a da sai likita ke yi.

Sai dai wulaƙanci bai bar su ba. Akwai fararen fata da suka ƙi yarda baƙin hannu ya taɓa su ko da suna cikin ciwo. Akwai ma'aikatan asibiti da suka ɗauke su masu shara. Magajin gari Peter Flaherty, wanda ya hau mulki a 1970, ya rage musu tallafi, ya kuma hana su kunna jiniya a tsakiyar birni. Duk da haka likita Nancy Caroline, wadda ta riƙa bin su cikin mota dare da rana, ta yi amfani da abin da ta gani wajen rubuta manhajar horon da Amurka ta ɗauka. Ranar 15 ga Oktoba 1975 aka rufe Freedom House, birnin ya kafa nasa sashen, mafi yawan ma'aikatansa farare. Tsofaffin hannu da aka ɗauka aka riƙa sake yi musu jarrabawa, aka ɗora musu sababbin shiga a matsayin shugabanni, har da yawa suka bar aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lura da zuciyar ma'aikacin kansa ya zo a makare. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan lamari cikin kundinsu. A 1983 Jeffrey Mitchell, wanda ya yi aikin kashe gobara da na motar asibiti, ya gabatar da tsarin zaunar da ma'aikata su amayar da abin da suka gani bayan babban hatsari. An riga an rufe Freedom House kafin ko ɗaya daga cikin waɗannan ya zo. Labarinsu ma bai bazu sosai ba sai bayan shekaru da dama, musamman da Kevin Hazzard ya fitar da littafi a kansu a 2022.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, mai wannan aiki yana iya jure ganin jini da gawa muddin ya san ana ganin girman abin da yake yi. In aka raina shi ko aka manta da shi, nauyin yakan ninka. Shi ya sa yanzu in rahoton hatsari ya zo teburina, nakan tambayi wakilinmu su wa suka ɗauki mutanen: ƴan kwana-kwana ne, ko ma'aikatan motar asibiti, ko matafiya da suka tsaya. In ya samo amsar, da ita nake karanta labarin.