3.4 Katun ɗin Mortal Kombat da Dalilin Gajeren Zamaninsa

Kamar yadda aka ambata a baya, kamfanin Midway da ke birnin Shikago a ƙasar Amurka ne ya fitar da wasan Mortal Kombat a shekarar 1992, kuma Ed Boon da John Tobias ne suka ƙirƙiro shi. Abin da ya fito da sunan wasan shi ne zubar da jini, domin wanda ya yi galaba yana iya cire kan abokin karawarsa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa 'yan Majalisar Dattawan Amurka suka zauna kan lamarin a 1993, har aka kafa hukumar ESRB a 1994, mai rarraba wasanni gwargwadon shekarun masu buga su.

Da fim ɗin 1995 ya samu kasuwa, sai aka waiwayi ƙananan yara. Ta haka aka samar da katun mai suna Defenders of the Realm, wanda tashar USA Network ta fara nunawa a watan Satumba na 1996. Kashi 13 kacal aka yi, ya tsaya a Disamba. A cikinsa Raiden ne ke jagorantar su Liu Kang da Sub-Zero da Sonya da Jax wajen kare duniya daga mahara. To amma da yake don yara aka shirya shi, sai aka rage kisa, aka cire jinin. A ganin wannan bincike, a nan gizo ke saƙar, domin miyar ta zama lami ga masu son wasan, iyaye kuwa jin sunan kaɗai ya ishe su ƙyama. Abin da ya bari dai shi ne matsafin nan Quan Chi, wanda a katun ɗin ya fara bayyana kafin ya shiga wasan a 1997.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa, a iya tunawar mai wannan bincike, a gidajen gem yara suka san waɗannan jarumai, inda ake haɗa na'urar Sega da talabijin, a tayar da janareto, a biya a buga, wanda aka cinye ya tashi ya ba na baya. Liu Kang bai zame musu baƙo ba, tun da siffar Bruce Lee aka ba shi, su kuma sun saba da finafinan Chanis. Kukan iyayenmu ma ya sha bamban da na Amurkawa. Su jini ya dame su, namu kuwa canjin cefane da ke ɓacewa da fashin makarantar allo ta yamma.